Yadda ake auna saurin sauti a cikin ƙashi da altirasawun

Sauti yana tafiya kusan mita 343 a sakan ɗaya a cikin iska. A ruwa yana kusan 1500, a naman jikin mutum kusan 1540, a bangon ƙashin ƙwauri kuwa yana kai 3000 zuwa 4000 da ɗoriya. Ƙashin dunduniya, wanda cikinsa ramuka ne kamar saƙar zuma cike da ɓargo, bai fi ruwa da yawa ba: na'urorin asibiti suna ba da lamba tsakanin 1450 da 1650 ga yawancin mutane. Dalilin da ya sa ake damuwa da wannan lamba shi ne, saurin yana bin taurin ƙashi da cikarsa. Ƙashin da ya zaizaye, sauti yana rage gudu a cikinsa.

Lissafin kansa ɗan firamare zai yi shi, tazara ce a raba da lokaci. Wahalar tana wurin samun tazarar da lokacin daidai. Mun rubuta wannan ne don ɗalibin fizis ko injiniya a Samaru ta Zariya da ke son yin gwajin a tebur, da kuma ma'aikacin jinya ko mai ɗaukar hoto a Shika ko Tudun Wada da aka damƙa wa na'urar auna dunduniya. Abin da za mu yi ta nanatawa shi ne, lambar da ba a rubuta zafin ruwa da kaurin ƙashi da wurin da aka karanta lokaci tare da ita ba, ba ta da amfani ga kowa, har da mai ita.

Kayan aiki, da waɗanda ba za su yi ba

Altirasawun sauti ne da yawan kaɗawarsa ya wuce 20,000 a sakan, inda kunnen mutum ya tsaya. Kana buƙatar kawunan na'urar altirasawun biyu masu shiga ruwa, ɗaya mai aika sautin ɗaya mai karɓa, masu faɗin fuska kamar milimita 13. Ga bangon ƙashi a nemi na 1 MHz (kaɗawa miliyan ɗaya a sakan) zuwa 2.25 MHz. Ga ƙashi mai ramuka a sauko zuwa 0.5 MHz, domin yana shanye sauti mai yawan kaɗawa, ba abin da zai fito ta ɗaya gefen sai hayaniya. Sai akwatin da ke buga wa kan mai aikawa wuta yana kuma ƙara ƙarfin abin da aka karɓa, da osiloskof (na'urar da ke zana alamar da aka karɓa a allo) na dijital mai 100 MHz, da wayoyi masu sulke, da akwatin gilas irin na kiwon kifi, da tamomita mai nuna 0.1, da ma'aunin kauri na maikiromita mai nuna 0.01 na milimita.

Abu biyu ɗalibai kan kawo da murna, kuma duka ba sa yi. Na farko ƙananan kawunan nan na 40 kHz (kaɗawa 40,000 a sakan) da ake haɗawa da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino don auna nisa. Na iska ne, kuma tsawon zangon sautinsu a cikin ƙashi ya haura santimita 8, ƙashin naka kuwa bai kai santimita ɗaya ba. Na biyu na'urar sikanin ta masu ciki. Ita an gina ta ne a kan cewa sauti yana tafiya 1540 ko'ina a jiki, da wannan take mayar da lokaci tazara. Ba ta auna sauri, kuma idan ta gamu da ƙashi farin layi take nunawa da inuwa baƙa a bayansa. Abin da zai iya fitar da kai idan kuɗi sun yi ƙaranci shi ne na'urar auna kaurin ƙarfe ta masu duba walda da tankuna, idan tana da wurin da ake sa mata kauri ta ba da sauri. Tana aiki a kan siririn yankin bangon ƙashi mai santsi, ba ta aiki a kan mai ramuka.

Shirya ƙashin

Da ƙashin saniya ake koyo. Ƙashin mutum ba a taɓa shi sai da takardar izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, kuma babu dalilin ɓata shi wurin koyon riƙe zarto. Ka sammako zuwa kwata, ka ce wa mahauci kana son ƙashin cinya ko na ƙwauri na yankan ranar, ɗungum, kar ya sare shi da gatari. Wannan roƙon yana da muhimmanci, domin sara yana barin tsaga siriri da ido ba ya gani, sauti kuwa yana gani. Bangon ƙashin cinyar babbar saniya yana da kaurin da za a fitar da yanki mai milimita 5 zuwa 8.

Kankare nama da tantanin da ke manne a jikin ƙashin da wuƙa. Kar ka dafa shi don naman ya saki, kar ka shanya shi a rana. Dahuwa tana lalata sinadarin kolajin da ke riƙe da ƙashi, bushewa kuma tana ƙara masa tauri ta cusa iska a ƙananan hanyoyin jininsa, sai ka auna wani abu dabam da ƙashin da ke jikin mai rai. Yanka daga tsakiyar gorar ƙashin da zarton ƙarfe, a hankali, wani yana ɗiga ruwa a kan bakin zarton. Idan ka ji ƙaurin ƙashi ya tashi, ka yi sauri da yawa, ka ƙona fuskar.

Nan ne aikin yake cin lokaci, kuma nan ne ya kamata ya ci. Fuskoki biyun da sauti zai ratsa dole su zama shimfiɗaɗɗu, suna kallon juna daidai. Shimfiɗa samfefa mai jure ruwa a kan gilas, ka jiƙa ta, ka riƙa goga ƙashin kana zagayawa kamar kana rubuta lamba 8, daga mai kaushi 240 zuwa 400 zuwa 600. Bayan kowane ɗan lokaci ka auna kauri a wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya. Kar ka tsaya sai bambancin mafi kauri da mafi siranta ya gaza 0.05 na milimita. Faɗin yankin kuma ya fi fuskar kan na'urar, in ba haka ba wani sashe na sautin zai kewaye ta ruwa ya gauraya da wanda ya ratsa. Idan ƙashin bai kai faɗin ba, a yi masa taga: a huda roba mai kauri ko soso mai toshe sauti daidai girman yankin, a sa shi a ciki.

Da fensir ka zana kibiya a gefen yankin mai nuna tsawon ƙashin. Ƙashi kamar itace yake, yana da bi da saɓa. Sautin da ya bi tsawonsa ya fi wanda ya ratsa daga waje zuwa ɓargo sauri da ɗaruruwan mita a sakan. Mutum biyu za su iya auna ƙashi ɗaya, wannan ya samu 3400 wancan ya samu sama da 4000, kuma duk sun yi daidai.

Wurin ajiya, a naɗe shi da bandeji jiƙe da ruwan gishiri na 0.9 cikin ɗari, irin na ƙarin ruwa, a sa a leda a firiza. Inda wuta ba ta zama, gara a tsara aiki a yanka a goge a auna cikin kwana biyu, da a bar ƙashi yana daskarewa yana narkewa mako guda.

Ruwa da iska

Babban abokin gabar wannan aiki iska ce. Inda ruwa ya haɗu da bangon ƙashi, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin sautin ne ke komawa baya, sauran ya shige. Inda ya haɗu da iska, kusan kashi 99.9 ne ke komawa. Ƙwayar iska ɗaya kamar ƙwayar gero a fuskar kan na'ura ta isa ta canza surar abin da kake gani. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse da aka zuba yanzu cike yake da iska narkakkiya, bayan awa ɗaya za ka ga ta fito ta yi ƙananan ƙwayoyi a jikin gilas da ƙashi da komai. Tafasa ruwan minti 15, ka rufe, ya kwana ya huce, ka zuba shi ta gefen akwatin a hankali ba tare da ya yi kumfa ba. Ƙashin ma a nutsar da shi a ruwan a cikin tukunyar zuƙe iska na aƙalla rabin awa, har ƙwayoyin su daina fitowa. Ga ƙashi mai ramuka wannan wajibi ne, kuma daga nan har a gama kar ya sake leƙowa sama da ruwa. Kafin kowane awo ka shafi fuskar kawunan da ɗan yatsa ko burushi mai laushi.

Sai zafi. Saurin sauti a tsabtataccen ruwa 1482 ne a digiri 20 na Salshiyas, 1497 a 25, 1509 a 30, 1520 a 35. Littattafai da yawa 1482 suke bugawa domin ɗakunan gwajinsu a 20 suke zama. A Zariya ruwan akwati zai iya sauka ƙasa da 20 da safiyar hunturu, ya haura 30 da la'asar a watan Afrilu. Tamomita ta zauna a cikin ruwan kusa da ƙashin, a karanta ta a kowane awo, kuma a bar ƙashin a ruwan minti 30 kafin a fara don zafinsu ya zo ɗaya.

Awon kansa

Kafa kawunan biyu suna fuskantar juna a kan ƙarfe ɗaya mai ƙarfi, yadda tazararsu ba za ta motsa ba ko an taɓa tebur. Dab da fuskar mai aikawa sautin a hargitse yake. Ga kai mai milimita 13 wannan yanki yana kai santimita 3 a 1 MHz, kusan 6.5 a 2.25 MHz, saboda haka ƙashin ya zauna gaba da nan. Kunna, ka riƙa karkata mai karɓa kaɗan-kaɗan har alamar da ke kan osiloskof ta kai iyakar tsayinta, ka ɗaure. Sa osiloskof ya riƙa haɗa bugu 64 ko 128 yana fitar da matsakaici. Idan layin yana rawa duk da haka, duba wayar ƙasa, ka haɗa akwatin bugu da osiloskof a soket ɗaya. Wutar ƙaramin janareta da caja mai arha a kusa suna shigo da hayaniya sosai, inbata mai kyau ta fi.

Ajiye alamar ruwa zalla. Sa ƙashin a tsakiya, fuskarsa a miƙe da hanyar sautin, ka ajiye alama ta biyu. Za ka ga ta gajarce kuma ta matso hagu, wato ta riga ta farko isowa. Wannan riga da ta yi, shi ne abin da kake nema. Amfanin wannan hanya shi ne ba ka buƙatar sanin tazarar kawunan, ko jinkirin da ke cikin wayoyi da akwati, domin duk suna cikin awo biyun, sun kashe juna.

Ga misali da lambobi. Kauri milimita 6.00, ruwa a digiri 25, alama ta riga da maikirosakan 2.25 (maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Da ruwa ne a wurin ƙashin, sauti zai ci 6.00 a raba da 1497, wato maikirosakan 4.008. Cire 2.25, saura 1.758, lokacin da ya ci a cikin ƙashi ke nan. Raba milimita 6.00 da 1.758, ka samu mita 3413 a sakan. Idan ka auna nauyin yankin da girmansa ka samu, a ce, kilogiram 1900 a kowace mita kubik, ninka wannan da saurin, ka sake ninkawa da saurin, zai ba ka taurinsa ta wannan fuska, kusan gigafaskal 22.

Yanzu duba yadda lambar take da saurin fushi. Ka yi kuskuren 0.1 na milimita a kauri, ka sa 6.10, amsa ta koma 3343. Ka ɗauki 1482 daga littafi alhali ruwanka a 25 yake, ta koma 3336. Ka zame da 0.05 na maikirosakan wurin karanta lokaci, ta tashi 3513. Kowane ɗaya ya kai mita 70 zuwa 100, kuma bambancin da ake nema tsakanin ƙashi mai lafiya da mai rauni sau da yawa bai wuce haka da yawa ba. Shi ya sa muka fi son ɗalibi ya yi kwana biyu a kan samfefa da ya yi su a kan kwamfuta.

Wurin karanta lokaci yana buƙatar magana ta musamman. Alamar ba tsinke ɗaya ba ce, 'yan tuddai ne da kwaruruka. Wasu suna karantawa daga inda ta fara ɗagowa, wasu daga inda ta fara ratsa layin sifili, wasu daga ƙololuwa. A ruwa duk ɗaya ne. A ƙashi ba ɗaya ba ne, domin ƙashi ya fi cin sashen sautin mai yawan kaɗawa, sai alamar ta fito a miƙe, tuddanta sun yi faɗi, na baya sun ja baya fiye da na gaba. Wanda ya karanta daga farko zai samu sauri fiye da wanda ya karanta daga ƙololuwa. Mu mun fi amincewa da ratsawar sifili ta farko, domin farkon ɗagowa yana ɓuya a cikin hayaniya. Ko wanne ka zaɓa, ka riƙe shi a duk awonka, ka rubuta shi. Kuma ka lura kar ka haɗa tudu na farko a alamar ruwa da tudu na biyu a ta ƙashi. A 1 MHz wannan kuskuren maikirosakan ɗaya ne cur, amsar za ta fita hankali.

Karkata ma tana ɓata aiki. Tana tsawaita hanya, kuma idan ta wuce kusan digiri 26 igiyar da kake nema ba ta shiga bangon ƙashi sam, wata mai tafiyar kusan rabin saurinta ce ke shiga. Juya ƙashin kaɗan hagu da dama, inda alama ta fi tsayi nan ne daidai. A ƙashi mai ramuka kuma za ka iya ganin alama biyu, ƙarama a gaba babba a baya. Na'urarka lafiya lau take. Masanin fizis Biot ya yi hasashen igiya mai sauri da mai jinkiri a abu mai ramuka tun 1956, masu bincike Hosokawa da Otani suka gan su a ƙashin saniya a 1997. Rubuta kowace dabam.

Kafin ka yarda da kowace lamba ta ƙashi, gwada hanyar a kan abin da aka sani. Yankin Perspex, robar nan mai kama da gilas, ya ba ka tsakanin 2700 da 2750, alminiyam kusan 6320. Sannan kowane ƙashi a auna shi sau biyar, ana fitar da shi daga maƙalinsa ana mayarwa. Danna maɓalli sau biyar ba tare da an taɓa komai ba ba maimaici ba ne.

A jikin mai rai

Dunduniya aka zaɓa domin kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙashinta mai ramuka ne, gefunanta biyu kusan a shimfiɗe suke, naman kansu kaɗan ne. Aikin Langton da abokansa a Hull ta Ingila a 1984 ne ya buɗe wannan hanya, su suka nuna cewa yadda dunduniya ke shanye sauti tsakanin 0.2 da 0.6 MHz yana bambanta tsofaffin da suka karye a ƙugu da masu lafiya. Na'urorin dunduniya na kamfanoni dabam-dabam irin su Achilles da Sahara suna auna wannan shanyewa tare da sauri, su haɗa su a lamba ɗaya. Lambar wannan kamfani ba ta wancan ba ce: wasu suna auna faɗin dunduniya, wasu suna ɗaukar faɗi ɗaya ga kowa. Wanda aka fara bi da na'ura ɗaya, da ita za a ci gaba.

Kowace safiya a fara da dunduniyar roba da ta zo da na'urar, bayan ta kwana a ɗaki ɗaya da ita, a rubuta sakamakon a littafi. Sai a duba ƙafar kafin a sa ta. A hunturu, dattijuwar da ta zo daga Giwa ko Soba a bayan babur da sassafe, ƙafarta sanyi ƙalau take, ga kaushi ga faso, ga man kaɗanya ko basilin da ta shafa. Duk ukun suna taɓa awon. Faso yana riƙe iska, mai yana hana ruwa ko jel kama fata. Sanyi kuma yana ɗaga lambar, domin kitse da ɓargo saɓanin ruwa suke, sauti ya fi sauri a cikinsu idan sun yi sanyi, sai ƙashi mai rauni ya fito kamar mai ƙarfi. A ba ta kujera a cikin ɗaki minti 15 zuwa 20, a goge gefen dunduniyar biyu da auduga da sifirit sosai, a cusa jel a cikin tsagogin da yatsa. Kumburin ƙafa yana saukar da lambar. A danna da babban yatsa, in ya bar rami a rubuta, in ya yi yawa a ɗage awon. Ƙafar da ta taɓa karyewa ko mai gyambo, a koma ɗayar. Dunduniya ta zauna har ƙarshen maƙalinta, a sa abin ɗagawa ga mai ƙaramar ƙafa, sannan a ce, "Hajiya, a daure kar a motsa, yanzu za a gama."

Duk tazarar da ke tsakanin dunduniyar budurwa da ta tsohuwa mai zaizayar ƙashi ba ta fi mita 100 da wani abu ba, saboda haka kuskuren mita 10 ba ƙarami ba ne. Kowane ma'aikaci ya san nasa kuskuren: ya auna mutum 30 sau biyu-biyu, ko 15 sau uku-uku, ana cire ƙafa ana mayarwa, ya fitar da matsakaicin saɓani, ya ninka da 2.77. Canjin da bai kai wannan ba tsakanin bara da bana, ba canji ba ne.

Akwai kuma na'urorin da ake ɗorawa a kan ƙwauri ko ƙashin hannu, mai aikawa da masu karɓa a layi ɗaya. Sauti yana shiga bangon ƙashi ya bi tsawonsa ya riƙa fitowa, a raba tazarar masu karɓa biyu da bambancin lokacin isowa, a samu wajen 3800 zuwa 4200. Idan naman da ke ƙarƙashin wannan mai karɓa ya fi na wancan kauri, lambar ta karkace, shi ya sa masu kyau suke aikawa daga gefe biyu su daidaita. A sa alama a tsakiyar ƙwaurin da tef da biro, don a dawo wuri ɗaya.

Takardar da na'urar dunduniya ke fitarwa tana ɗauke da lambar T, mai nuna nisan awon majiyyaci daga na matasa masu lafiya, kuma nan ake yawan zamewa. Iyakar −2.5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1994 don gane zaizayar ƙashi, ta na'urar DXA ce mai auna cikar ƙashin ƙugu da gadon baya da hasken X-ray, ba ta altirasawun ba. Ƙari a kan haka, mutanen da aka kwatanta majiyyacin da su a cikin na'urar galibi na ƙasar da aka ƙera ta ne. Abin da awon dunduniya ke iya yi shi ne ware wanda haɗarin karayarsa ya yi sama, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada da tsofaffin maza, don likita ya duba su da kyau ko ya tura su DXA. Kar a ce wa Baba ko Inna "kina da ciwon ƙashi" daga wannan takarda, kar kuma a fara magani da ita kaɗai. A ƙasan sakamakon a rubuta sunan na'urar, wace ƙafa, ƙarfe nawa aka auna, da halin da fatar take ciki.